Zazzaɓin Ƙarya Ranar Gwaji

A shekarun da masaƙun Bompai a Kano ke aiki ba tsayawa, ni matashi ne daga Kudancin Zariya, da mata da ɗiya ɗaya, ina sharar auduga a ƙarƙashin injinan saƙa. Shekara shida ina wannan shara. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne na iya injin nan. Zare ya tsinke, kafin mai injin ya waiwayo na ƙulla shi.

Duk shekara ana gwajin ƙarin matsayi. A ba ka inji huɗu ka riƙe na awa guda, ma'aikata sun zuba maka ido. Wanda ya faɗi, sai a yi wata ana masa tsiya a rumfar mai abinci. Wannan dariyar nake tsoro. Sau uku shugaban sashenmu, wani dattijo Bakano, yana sa sunana, sau uku ina kwantawa zazzaɓin ƙarya. Ran Lahadi kuma in miƙe a majami'a, in sunkuyar da kai, in ce lokacin Ubangiji nake jira. Har yabon tawali'una ake yi. Tir da ni!

Da aka zo rage ma'aikata, da masu shara aka fara. Na koma gida da takardar sallama, na buɗe baki zan ce nufin Allah ne, matata ta katse ni. Ta ce za ta iya jure yunwa, amma ta gaji da jin ina yi wa Ubangiji ƙarya. Ta ce ya ba ni hannun sana'a, ni na binne baiwar, don haka in daina jingina masa ragwantata. Kwana biyu ban ci tuwonta ba, saboda gaskiya ta faɗa.

Na durƙusa na tuba, sannan na je gwaji a wata masaƙa a Sharada. Na faɗi gwajin warwas. An yi dariyar kuwa, amma ba ta kai minti biyu ba, kowa ya koma kan injinsa. Bayan wata uku na koma, na ci.

'Yan'uwa, kada ku sa wa tsoro rigar bangaskiya. Ku yi addu'a, ku tashi ku gwada, ko faɗuwa aka yi Yesu ba ya yar da nasa. Ni dai shekara shida na ba tsintsiya saboda dariyar minti biyu.