Ruwan Kala a Ɗakin Baba

Shekarun baya, ƙanena da ke karatun zane a kwaleji ya dawo gida Anka da buhu biyu na gorunan roba, irin na ruwa da lemo, ya ce aikin kammala karatunsa ne. Na ɗauka zane shi ne a zana saniya ta yi kama da saniya. Shi kuwa ya ce da haske zai yi nasa. Malaminsa zai zo har gida ya duba, in bai ci ba sai ya maimaita shekara.

Ɗakin marigayi Baba ya samu. Ya cika gorunan da ruwa, ya zuba musu kalar da ake sa wa ƙanƙara, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya rataye su da waya, sannan ya huda kwanon rufin. Da hantsi, in rana ta biyo ta hudojin, sai launuka su bazu a bango suna tafiya a hankali. Ni ɗan dako ne kawai a aikin, ban gane komai ba, amma na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Gaskiya abin ya yi kyau. Ya sa kwaɗo a ƙofar don kada yara su ɓata masa.

Kwaɗon nan ne ya tayar wa Inna da hankali. Lokacin ba a daɗe da bala'in gubar dalma ba, wadda ta shiga gidaje ta hanyar niƙan dutsen zinari. Yayarmu da ke aure a Abare ta rasa ɗanta a ciki, kuma yana goye a bayan Inna ya cika.

Ana jibi malamin zai zo, muka tafi kasuwa ni da shi. Da muka dawo, ƙofa a ɓalle, ɗaki wayam. Inna ta leƙa ta taga ta ga ruwa kala-kala a rataye, ta yanke cewa harkar wankin zinari ce ya shigo mata da ita gida. Ta sa an kwashe gorunan an binne a bayan gari. Har ƙasar ɗakin ta sa an kankare an zubo sabuwa, yadda ta ga ma'aikata sun yi wa gidajen Abare.

Ƙanena ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Inna, mi kinka yi haka? Ruwa na hwa, da kalar ƙanƙara. Ba shi kashe kowa."

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wancan na Abare ma cewa sunka yi ƙasa ta kawai."

Malamin ya zo ya ga hudoji a rufi, ya sha fura ya koma. Ƙanena ya maimaita shekarar.

Na ji masa zafi a lokacin, har na ƙullaci Inna na ɗan kwana biyu. Yanzu in na tuna, ba na iya ɗora wa kowa laifi. Shi haske yake gani a cikin gorar, ita kuma ta riga ta ga abin da ya fi ruwan kala kama da marar illa ya ɗauke mata jika. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa jiran ta ba shi ba.