Man Adaidaita a Injin Kwale-kwale

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da maigidana ya sayar da adaidaita sahunsa ya sayi injin kwale-kwale. Lokacin muna gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Shi mutumin bakin ruwa ne, can wajen Tiga, kuma zaman Kano ya ishe shi. Burinsa mu koma gida ya riƙa tsallakar da mutane ranar kasuwa. Abin da muka mallaka kaf a injin nan ya tafi.

Wanda ya sayar masa ya ja masa kunne cewa irin wannan injin cikin fetur ake haɗa masa baƙin mai, kuma yana da nasa na musamman da ke ƙonewa tare da fetur ɗin. Maigida ya zaga shagunan Tarauni bai samu ba. Sai ga shi da galan ɗin man da ya saba zuba wa adaidaita.

Na ce, "Baban yara, ba wannan aka ce ba fa."

Ya yi dariya. "Ke, ni za a koya wa inji? Duk 'yan tasharmu sun ce baƙin mai ɗaya ne."

Ya cika duro da ruwa a tsakar gida, ya ɗaura injin a bakinsa, ya ja igiya. Injin kuwa ya tashi, hayaƙi kamar an hura ɗanyen itace. Maƙwabciyarmu Bayarabiya har da tafi. Wallahi ni ma na yi murna, na yi zaton tsorona na banza ne.

Ya riga mu tafiya don ya gyara mana wuri. Damina ba ta yi nisa ba sai ga shi wata la'asar, ya rame, da injin cikin buhu. A tsakiyar ruwa injin ya mutu masa, jirgi cike da mata da kayan kasuwa, sai masunta ne suka jawo su gaɓa. Allah ya tsare ba a yi asarar rai ba.

Na bi shi wajen makanike a Tarauni, don ban yarda ya tafi shi kaɗai ba. Mutumin ya buɗe, ya nuna mana ciki baƙi ƙirin.

"Malam, man adaidaita dauɗa yake bari a nan. Ta toshe komai, fistan ya ƙone har ya ci silinda."

Maigida ya leƙa ciki, sannan ya ce a hankali, "Ko an wanke ba zai tashi ba?"

Makaniken ya girgiza kai. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, ga kuma haushi ya cika ni.

Tun daga nan bai ƙara yi mini zancen komawa gida ba. Dako yake yi yanzu a kasuwa, yaranmu ba su san ruwan garinsu ba.

Na koyi cewa sanin wani inji ba sanin wani ba ne. In an ce ga man abu, a nemo shi ko a ina yake, in babu a bar injin ya jira. Sai dai mun koya ne lokacin da ba mu da sauran abin zuba wa mai.