Bakin Gaetano Mai Kifi

Gaetano mai sayar da kifi ne a tsohuwar kasuwar birnin Bari, kuma ba abin da yake ƙauna kamar fim. Duk shekara, idan bikin raba kyaututtukan finafinai ya matso, sai ya jingina da teburinsa ya zayyana wa masu ciniki sunayen waɗanda za su ci kyaututtukan. Matsalar ɗaya ce: duk wanda ya ambata sai ya faɗi. Har tsokanarsa ake yi: "Gaetano, don Allah kar ka ce za a yi rana, na yi shanya!"

Wata shekara aka sa Assunta, 'yar maƙwabciyarsa Nunzia, cikin masu neman kyautar sabuwar jaruma. A gabansa yarinyar ta girma. Nunzia ta zo da sassafe, ko kallon kifin ba ta yi ba.

"Maƙwabci, ka rufa mini asiri. Kar bakinka ya taɓa sunan 'yata."

"Haba Nunzia! Yarinyar da na ɗauka a kafaɗa? Ai ta fi su duka!"

"Shi ya sa nake roƙonka."

Har ranar bikin Gaetano yana yabon wata jaruma 'yar birnin Milan da bai ma kalli fim ɗinta ba, fuska a yamutse kamar mai shan maɗaci. Assunta kuwa ta lashe kyautar.

Washegari Nunzia ta sumbace shi a goshi gaban kowa. Ya tashi kasuwa da wuri, ya soya kifin sardin, ya ciyar da 'yan layinsu kaf, yana ba su labarin yadda Assunta take yi masa kukan ƙarya tana ƙarama don ya saya mata alewa.