Na je Gashua ganin mai kiran matata

Mun tashi da asuba daga Nguru, ni da mai ɗakina, ko shayi ban tsaya sha ba. Ita tafiyar ganin likita ta yi saboda asmarta. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, wani mutum na je gani.

'Yarmu da ke aure a Gashua ce ta rubuta sunan uwarta a wani ɗakin shan magani na can. Tun daga nan waya ke kiranta sau biyu a rana, ƙarfe bakwai na safe da bayan la'asar. Muryar namiji ce, mai taushi: "Hajiya, barka da war haka. Lokacin shaƙa magani ya yi." Sai ta ɗauko abin shaƙarta na kullum, ta shaƙa, ta danna lamba ɗaya a wayar, alamar ta sha. Na san naɗaɗɗiyar murya ce, an yi mini bayani. Amma yadda take murmushi tana amsa masa da "to, na ji" shi ya tsaya mini a rai. Rannan na ɗauke wayar na ce ta lalace, na kulle ta a shagona. Kwana goma sha shida bayan haka numfashinta ya sarƙe tana tankaɗe, sai da maƙwabta suka shigo. Washegari wayar ta "gyaru".

A tasha mun samu ƙaramar mota, kuɗin ya ƙaru a kan na bara, wai har buhun bandar kifin da ke bayanmu sai da aka biya masa kujera. Warinsa ya sa ta rufe hanci da mayafi. Ni na sunkuyar da kai, domin shekara da shekaru a tsakar gida nake bandar kifi, tana tari ina cewa raki ne.

Damina ta ja baya, gero ya yi kai, ruwa kwance a fadamu. Direba yana kaucewa ramuka kamar shi ya haƙa su. Dab da Jajimaji wayar ta yi ƙara. Mutumin ya gaishe ta a gaban fasinjoji, wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan ɗa da ladabi yake." Na juya ina kallon gonaki. Da muka tsaya na saya mata ƙosai mai zafi har ya fi ƙarfin cikinta, don dai a san ni ma ina nan.

Hantsi muka shiga Gashua, Keke Napep ya kai mu. A raina na zana mai muryar dogo, mai ƙamshin turare. Sai ga wani gajeren ma'aikacin jinya mai sanƙo, yana cin gyaɗa, shi ma abin shaƙa na leƙe daga aljihunsa. Yana buɗe baki na gane muryar. Ko sunanta bai sani ba sai da ya duba kati. Wannan ma haushi ya ba ni. Duk ladabin nan da take yi masa, ashe bai san ta ba.

Ya juyo da kwamfuta, ya nuna layin kwanaki, kore-kore ranakun da ta danna ɗaya, sai wani wuri ja. Ya tambaye ta abin da ya faru a nan. Ya ce in maganin ne bai karɓe ta ba, dole a canja mata mai ƙarfi. Ta ce waya ce ta lalace, ba ta ko dube ni ba.

Na ce, "Malam, ba ta lalace ba. Ni na ɓoye ta."

Ya ajiye gyaɗar. Bai yi mini faɗa ba. Ya bayyana cewa na kullum ɗin shi ke hana ciwon tashi, ɗaya abin shaƙar nata, shuɗin, na gaggawa ne kawai. Sannan ya ce ana iya cire muryarsa a naɗi tawa, yanzu-yanzu. Har na gyara zama na yi gyaran murya.

Ta ce, "A bar tasa. Kai, Alhaji, in ka ce in shaƙa, sai in ce anjima. Shi kuwa kunyarsa nake ji."

A gidan 'yarmu an yi mana shinkafa da miyar ɗanyen kifi, na ci ba tare da na ji daɗinta ba. Muka kamo hanya, ni ke riƙe da jakar magani a cinyata. La'asar ta same mu a Jajimaji. Muna idar da salla na duba agogo, saura minti uku. Na miƙa mata abin shaƙar na ce, "Hajiya, lokaci ya yi." Ta dube ni, ta karɓa, ta shaƙa. Da wayar ta kira, ɗaya kawai ta danna.

Kafin magariba muna Nguru. Abin da tafiyar ta koya mini, shekara arba'in da aure ban taɓa tambayarta ko ta sha magani ba, sai da wani ya tambaya na ji zafi. Kishin bai bar ni ba har yau. Sai dai yanzu bakwai saura biyar tana yi mini a ƙofar ɗakinta, kuma bai sake riga ni ba.