Ruwan Gishiri a Tashar Albasa

Ni ɗan dako ne a tashar albasa ta Tsarnawa. Tun kaina yana baƙi nake saɓa buhu, in hau katako, in jefa shi cikin kamiyo, babbar motar kaya. Ban iya wata sana'a ba. Lakwal, makarantar boko, ban daɗe ba, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Yanzu na doshi hamsin, gwiwa tana ƙorafi, amma buhu bai taɓa kayar da ni ba sai a wata bazara guda.

A daminar da ta gabace ta yayana ya rasu. Hawan jini ne, tansiyo, ya shanye masa ɓarin jiki. Matata tana cikin masu jinya, ta ga ƙaton mutum ya koma ana juya shi kamar jariri. A zaman makoki mata suka yi ta faɗin gishiri ne ya kashe shi. Muna dawowa gida ta janye gishiri daga tukunya, ta janye dunƙule, har kanwa ta daina jefa wa wake. Miyar kuka ta koma kamar ruwan wankin ƙwarya.

Da na yi magana sai ta ce, "Maigida, jininku ɗaya da marigayi. In mutuwa kake so ka tahi wani gida, ba bisa tabarmata ba."

Ni ma tsoron nake ji. Ba wanda ya taɓa auna ni. Mun yanke wa kanmu hukunci ne kawai.

Da sanyi ban ji komai ba. Sai bazara ta shigo, albasa ta fito, motoci suka yi layi. Wanda bai ɗauki buhun albasa da hularsa, ƙarin da ake ɗinke masa a baki, a ranar bazara ba, kada ya ba ni labarin zufa. Ina da bidon ruwa, irin na roba, da na naɗe da tsumman buhu, ina jiƙa shi don ya yi sanyi. Sha nake yi har ciki ya riƙa ƙugi in ina tafiya, in zagaya bayan katanga in zubar, in dawo da ƙishina. Kai yana sara. Yatsu suna ƙandarewa su kama juna. Na ƙara ruwa, abin ya ƙaru.

Rannan ina tsakiyar katako jijiyar sharaɓata ta ɗaure. Buhu ya suɓuce, ya fashe, albasa ta gangara ƙarƙashin mota. Mai kaya ya yi ta zagi. Sarkin dako, wanda ke raba mana aiki, ya ja ni gefe.

"Ban son wulaƙanta ka," ya ce. "Amma in ka sake, rumfa za ka koma, ka zauna da mata kuna tsince ruɓaɓɓa."

Abin da ake samu a rumfa ba ya ciyar da gida. Kuma namijin da ya sauka daga katako ba ya sake hawa.

Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, shi ma ɗan dako ne, bakinsa ya fi wuyansa ƙarfi. Ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho, wane launi kake so? Gobe in sayo maka zane da kallabi."

Na ce, "Sayo wanda ya dace da kai, in na gama ka gada."

Na mayar da magana, na ɗauki bidona na tafi gida na faɗa wa matata abin da ya faru.

Matata ta ce ai ciwon yayana ne ya fara, ta tasa ni gaba sai likita, asibitin garinmu. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya hura, ya saurara. Ya ce tansiyona ƙasa ma ya yi. Ya tambayi aikina, ya tambayi abin da nake ci. Da ya ji labarin tukunyarmu sai ya ce in tuɓe riga. Ya juya bayanta. Akwai wani farin zane da ya bushe a kai, wanda na saba gani ban taɓa kulawa ba.

"Lasa," ya ce.

Na lasa. Gishiri.

Ya ce zufa ba ruwa kaɗai ba ce, da gishirin jiki take fita. Kuma gishirin nan shi ke riƙe ruwa a jiki, shi jijiyoyi ke aiki da shi. Ya ce in dubi fangalin albasa: in ba a ɗaure bakinsa ba, ko wuni aka yi ana ban ruwa wucewa zai yi. Ni ina ta zuba ruwa, abin da zai tare shi kuwa yana bayan rigata.

Matata ta ce, "To marigayi hwa?"

Ya ce, "Gaskiyarki, gishiri in ya yi yawa yana tayar da tansiyo. Amma wannan bawan Allah zubar da nasa yake yi a rana. Ki mayar wa miya da gishirinta daidai. Ranar aiki kuma, abin da yatsu uku suka tsinta ya sa a litar ruwa, da ɗan sukari, shi ke taimakon hanji ya ja ruwan. Kada ya fi hawaye gishiri. Kuma ya riƙa zuwa awo, tunda ciwon yana gidansu."

A ranar farko na ninka gishirin, a ganina ƙari alheri ne. Ƙishi ya kusa kashe ni, zuciyata ta yi ta tashi. Na koma ga yatsu uku.

Sauran matsalar kunya ce. Duk garin nan an san ruwan gishiri da sukari na yara masu zawo ne. Na riƙa ɓoye bidona bayan tayar mota. Amma taubashi ba ya neman izini. Ya fizge, ya kafa kai, ya furzar.

"Jama'a ku zo! Tsoho zawo yake yi! Wa ke da majanyi mu goya shi?"

Tasha ta kwashe da dariya. Na karɓi bidona, na sha a gabansu, na goge baki. Ciwon kai ya riga ya bar ni, yatsuna sun saki. Dariya ba ta ɗaure sharaɓa.

Ranar gwaji ta zo da wata doguwar mota mai zuwa kurmi. Sarkin dako ya sa ni a katako da rana tsaka, kuma na san da gangan ya yi. Ya ɗauko kujera ya zauna yana kallo. Aka ɗora mini buhu, na hau, na jefa, na sauko. In na yi ƴan sawu sai in kurɓa kaɗan, ba irin ɗurin da nake yi a da ba. Ina jiran jijiyar nan ta kama ni, ba ta kama ba. Zufa tana zuba, ƙafa tana nan daram. Jerin buhu yana tashi, katako yana ƙara miƙewa tsaye, wasu suka fara neman inuwa. Har taubashin ya zauna bisa dutse yana matsa cinya, ya ce ƙaya ce ya taka.

Na ce, "Ƙaya a cinya? Sannu, Allah ya sawwaƙe."

Buhun ƙarshe ni na kai shi can ƙololuwa. Na zauna a kansa ina haki, ina kallon rufin rumfa daga sama. Direba ya yi ta oda in sauko, na ce ya bari in huta, ni na loda masa.

Da na sauko sarkin dako ya miƙe, ya naɗe kujerarsa. Bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Gobe akwai wata irinta. Kai za ka buɗe katako."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Na buɗe shi washegari, na buɗe shi har ruwan farko ya sauka aka koma gona. Bana ma ina kai.