Tarwaɗa a Ramin Kwalbati

Duk wanda ya taɓa sayen 'ya'yan kifi a wannan ɓangaren na gari ya san Uwar Kifi. Gajeruwar mata ce mai faɗin kafaɗa, yatsunta kullum a yamutse saboda ruwa, murya kuwa in ta ɗaga sai ka ji ta daga bayan katanga. Ba gadon sana'ar ta yi ba. Shara take yi a wata gonar kifi tun tana da ƙuruciya, tana shara tana satar kallon yadda ake matse ƙwai daga cikin macen tarwaɗa, da yadda ake farke cikin namijin a ciro ruwan da za a haɗa da ƙwan, don shi namiji sai ya mutu ake samun 'ya'yansa. Da aka sallame ta daga aikin, ta dawo gida ta fara da wani tsohon bahon wanka a bayan ɗaki. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ta mai da tsakar gida kogi.

Shekara da shekaru tana zaɓe. Duk ƙyanƙyasar da ta yi sai ta ware waɗanda ba sa laulayi, masu saurin girma, ta bar su su zama iyaye. A hankali ta samu irin kanta, masu wani ɗan farin tabo a tsakar ka, waɗanda masu kiwo ke tasowa daga nesa su nema. Ba ta da fili, ba ta da sarƙar gwal. Irin nan shi ne duk abin da ta tara a duniya.

Sai 'yan kwangila suka zo gyaran titi.

Wallahi da sun bar titin nan yadda yake da ya fi. Ramuka ne da shi, amma kowane direba ya haddace su. Suka zo da katafila da gireda da hular kwano, suka ɗaye kwaltar kaf, suka haƙa wani mahaukacin rami a tsakiyar hanya wai za a yi kwalbati, suka kakkafa rodi a ciki, suka dasa allo mai cewa a yi haƙuri aiki na tafiya. Aiki kuwa ya tafi, don bai dawo ba. Yarinyar da aka haifa a makon da aka kafa allon nan yau da kanta take zuwa makaranta. Motocin gari duka, masu shiga da masu fita, aka matse su a wani ɗan siririn gefen rami da ko jakuna biyu sai sun yi wa juna sallama kafin su wuce. In ka yi magana a ce maka sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya fara faɗin wannan maganar bai taɓa kwana a gefen ramin nan da mara lafiya a bayan mota ba.

A wajen haƙan nan ne katafila ta tsinke bututun ruwan unguwar su Uwar Kifi. Ta je wajen masu ruwa, suka ce ai 'yan kwangila ne suka fasa. Ta je wajen 'yan kwangila, ta tarar da mai gadi shi kaɗai yana korar ƙuda. Ta koma sayen ruwa wajen masu kura, to amma kifi ba tukunyar shayi ba ne. Ruwa ya yi ta lalacewa a tankunan, iyayen suka riƙa juya ciki sama ɗaya bayan ɗaya, tana kwashe su da safe tana tsine wa wanda ya sa hannu a kwangilar da wanda ya ba shi biron. Da ta ga saura mace ɗaya da namiji ɗaya, ta matse macen, ta farke namijin, Allah ya sa ƙwan ya ƙyanƙyashe. Macen ma ba ta daɗe ba ta bi sauran.

Ƙaninta direban a-kori-kura ne, kuma yana da rijiyar burtsatse a gidansa can ɗaya gefen garin. Ya ce, "Yaya, ki kawo su wajena kawai. Na kafa miki tankin tamfol, ruwa kuwa sai kin ce ya isa."

Hanya ɗaya ce zuwa gidansa, ta gefen ramin.

Ɗaukar 'ya'yan kifi yana da ƙa'idarsa. Ba a ba su abinci ana gobe tafiya. Ana yanke saman jarka, a zuba ruwa rabi, a sa su. Muddin mota na tafiya, ruwan na kaɗawa, iska na shiga, suna lafiya. In mota ta tsaya, ruwan ya kwanta, rana ta dafa shi, sai su fara tasowa sama suna buɗe baki. Don haka suka yi sammako. Ashe duk garin ma sammakon ya yi. Wata tirela ta zurma ƙafa a bakin ramin ta toshe hanya, masu wayo kuma suka buɗe sabon layi ta hannun da ba nasu ba, suka haɗa goshi da masu tahowa. Gaba ba hanya, baya ba hanya, sai oda da zagi.

Uwar Kifi ta haye bayan motar ta kama jarka tana jijjigawa. Ta saki wannan ta kama waccan. Rana ta ɗaga, kumfa ya fara taruwa a saman ruwan. Wani tsoho mai facin taya da ke da rumfa a daidai wurin ya taso ya leƙa, ya kama jarka ɗaya. Wata mata ta sauko daga bas ta kama ɗaya. Aka jeru ana ta rawa da jarkoki a tsakiyar titi, masu wucewa a ƙafa na dariya. Duk da haka ƙananan kawunan nan suka ci gaba da tasowa, wasu har sun fara kwanciya a gefe.

Ta dubi ramin. Ruwan damina ya cika shi, kore shar, leda da robobi na yawo a kai. Ta sunkuci jarka ta nufi bakinsa.

Ƙanin ya ce, "Yaya, kin haukace ne? Ruwan nan har mushen kare na taɓa gani a ciki!"

Ta ce, "Da babu gara ba daɗi. Sauko min da waccan ma."

Rabin jarkokin ta juye a ramin, ta bar rabi a mota ko Allah zai sa hanya ta buɗe. Hanya ba ta buɗe ba sai bayan la'asar. Da suka isa gidan ƙanin, ko ɗaya bai motsa ba a cikin jarkokin. Ta zauna a bakin tamfol ɗin da aka cika mata da ruwa mai kyau, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Daga nan ta koma sayar da abincin kifi a shagon wani, ita da ake layi a ƙofar gidanta. Kullum sai ta bi ta gefen ramin, kullum sai ta kau da kai. Wata rana bayan 'yan watanni tana cikin bas a cunkoso, tsohon nan mai faci ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Uwar Kifi, sauko ki ga 'ya'yanki."

"Baba, don Allah kar ka fama min ciwo."

"Ni da furfurata zan yi miki wasa? Sauko."

Ya ɓantari gutsuren burodi ya jefa a ruwan. Ruwan ya yamutse. Wani baƙin kai mai gashin baki ya taso ya cafke, ga farin tabon nan a tsakar kansa. Uwar Kifi ta durƙusa a cikin ƙura tana salati, tana dariya, tana share hawaye da bakin mayafi.

Ba a iya jan taru a lokacin, don ruwan ya yi zurfi, rodin da aka kakkafa a ƙasa kuma zai yayyaga shi. Sai dai a jira rani ruwa ya ja baya. Ta shiga kawo musu abinci a ƙullin leda safe da yamma, mai faci na korar masu ƙugiya. Matar da ta shekara tana tsine wa 'yan kwangila sai ga ta tana roƙon Allah ya ƙara musu nauyin jiki. Mai faci ya ce ta kwantar da hankalinta, addu'ar da ba ta buƙatar a yi ta ke nan.

Ruwa ya ja, kan rodi ya fito. Matan cikinsu sun yi ƙwai, tana gani daga yadda suke juyi. Suka sa rana ita da ƙanin, suka aro taru, suka ɗora manyan robobi a mota. Tun daga nesa suka tarar da cunkoson da ya fi na kullum. Ta tambayi wani mai babur da ya juyo, ya ce ai wani babba ne zai zo duba aiki, an ce kada ya ga rami, tifofi ne suka tare hanya suna juye ƙasa.

Ta diro daga motar ta bar takalmi ɗaya a ciki. Ta ratsa tsakanin motoci da gudu, mace mai jikoki, tana ture madubin mutane ana zaginta. Ko da ta iso, mutanen da suka kasa ƙara ɗaura ko rodi ɗaya a tsawon shekarun nan sun cike kusan duka ramin tun kafin hantsi. Mai faci na tsaye muryarsa ta dushe don ihu. Ta tari gaban gireda tana ɗaga hannu.

Direban ya leƙo ya ce, "Mama, ki matsa. Umarni aka ba mu."

"Umarnin uwar wa? Da rai a cikin ramin nan! Ina kuke tun shekarun da muke nemanku?"

Ya ɗaga kafaɗa ya taka mai. A ɗan lungun da ya rage, taɓo na motsi. Ta faɗa ciki har gwiwa tana lalube da hannu biyu, ƙayar kifi ta tsaga mata tafin hannu ba ta ji ba. Guda ɗaya ta kama, kafin mai faci da ƙanin su fizgo ta, tifa ta juye sauran ƙasar. Tana fitowa ta kifa shi a hannu ta duba ƙarƙashin cikinsa. Namiji ne.

Babban ya zo da azahar, gilashin motarsa a rufe, ya wuce ta kan sabuwar ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, aka tafa masa. Mako bai zagayo ba katafila ta dawo ta sake haƙe ramin, tunda dai har yanzu ba a yi kwalbatin ba. Warin da ya tashi ranar sai da ya kori mai faci daga rumfarsa.

Namijin yana nan a tsohon bahon wankan da ta fara da shi. Kullum tana sayen ruwa wajen masu kura ta canja masa. Ƙanin ya sha ce mata ta nemo mace ko a ina ne a haɗa, ko rabin irin a samu. Ta san gaskiya yake faɗa, ta kuma fi shi sanin abin da ake yi wa namiji kafin a haɗa. Ta wasa wuƙar, ta ajiye a kan taga. Duk safiya sai ta tsuguna a bakin bahon ta dubi farin tabon nan, ta ce sai gobe, ta ɗauki mayafinta ta tafi shiga cunkoso.