Ƙarfen da Ban Ɗora a Sikeli Ba

Salamu alaikum, jama'ar kirki. An daɗe ba a ji ɗuriyata ba. Wasu sun ce 'yan duwan, wato kwastan, ne suka riƙe ni a gada, wasu sun ce na tsere Kutunu da albasar mutane. Da ma hakan ne. Kwance nake.

Bara na gyara wani ɗaki a bayan gida don motsa jiki, musamman ɗaga ƙarfe daga ƙasa: ka duƙa, ka kama sandar, ka miƙe da ita. Na tsallaka Malanbil neman sandar. Mai kanti ya nuna mini ta gaske, mai kaushi a wurin riƙo, an rubuta nauyinta a jiki. Da ya faɗi kuɗin na ce masa, "Aboki, ƙarfe na zo saye, ba amarya ba."

Na dawo Gaya na zaɓi wani ƙarfen ƙafar kamiyo, wato babbar mota, wajen masu bola, kakkaura, sumul kamar muciya. Na zuba siminti cikin kwanoni biyu, ya bushe, mai walda ya liƙe su a gefe da gefe. Na yi ta yi wa kaina kirari.

Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta same ni ina nishi. Ta ce, "Ubanka ya ƙare rayuwarsa yana dako a kasuwar nan don kada ka ɗauki kaya. Kai kuma ka sayi kaya da kuɗinka kana ɗauka, ba ka kai shi ko'ina."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ciwon ya fara kamar wasa, ɗan tsami a ƙugu ta hagu. Na sha ƙwaya wajen masu talla, na ci gaba. Na je wajen wanzami ya kafa mini ƙaho, na ci gaba. Sai ya gangara cinya, ya kai ɗan yatsa.

Wata safiya na duƙa na kama sandar, na ji abu ya ce ƙas a bayana. Na zube. Ƙafar hagu ta zama kamar ta aro. Kafin azahar fitsari ya zubo mini ban sani ba.

Wannan shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Matata Rakiya ce ta wanke ni, tana cewa, "Baban Nafisa, daina kallon bango. Ba yau na fara ganin ka ba."

Daga Gaya aka tura mu Doso, daga Doso sai Yamai, ina kwance a bayan mota, kowane rami na san sunansa. Aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka yi sikana, aka ɗebi jini. Ordonansi na bin ordonansi, kowace takarda da sabon maganin saye. Ribar albasar kaka ta tafi, babur ɗina ya bi ta.

Likitan ya ɗaga hoton ya ce, "Malam, abin da ke tsakanin ƙasusuwan bayanka ya fashe, ya danne jijiya. Za mu yi aiki. Tafiya kuwa, ba na yi maka alkawari."



Bayan aikin, kullum da safe sai a zo a tsikari tafin ƙafata. "Ka ji?" Ban ji ba. Gobe ma haka.

Inna takan kira ta salula. Ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba. Sai dai, "Ka ci abinci? Ka yi salla ko a kwance ne."

Ina kan wannan gadon aka kira Rakiya. Ta fita waje, ta daɗe. Da ta dawo ta zauna a ƙasa, ba a kujera ba, na gane.

Zazzaɓi ne ya kama Inna, bai ba ta lokaci ba. Maƙwabta da 'yan kasuwa suka ɗauki makarar Inna. Ni, ɗanta namiji tilo, mai ɗakin ɗaga ƙarfe, ban sa kafaɗa ba.

Bayan haka ne babban yatsana ya motsa. Mai kine, wato mai gasa jiki da koya tafiya, ya yi ta murna. Ni kuka nake, ban san na wanne ba ne.

Da muka dawo gida, Rakiya ta sa aka yanke kwanonin simintin nan aka ɗora a sikelin albasata. Na hagu ya rinjayi na dama nesa ba kusa ba. Ni da ba a taɓa cutata da rabin kilo ba, ban taɓa auna abin da nake ɗora wa ƙashin bayana ba.

Yanzu ina tafiya da sanda, ƙafar na ɗan ja. Alhamdu lillahi. Rakiya, Allah ya biya ki. Likitoci, da ku da kuka ɗauki Inna, ba ni da bakin gode muku.

Mai son ɗaga ƙarfe a gida, ji nan. Sayi sandar da aka ƙera don haka, wadda yatsunka ke zagayewa, mai kaushi, wadda ka san nauyinta. Auna kowane gefe. Kada fayafayan nauyin da ke gefe su yi ƙanana har sandar ta kwanta a idon sawu, ta sa ka lanƙwasa baya. Nemi wanda ya iya ya duba tsayuwarka. In ciwo ya sauka ƙafa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, bar wanzami da aski, nufi asibiti a ranar.

Juma'ar da ta wuce na taka da ƙafata har maƙabarta. Ban san wurin ba. Sai da mai gadi ya nuna mini kabarin uwata.

Ku sa ta a addu'a.